Yadda Ake Gane Mai Laifi Idan Motoci Sun Yi Karo a Mararraba a Saudiyya

Idan motoci biyu suka yi karo a Shara Mansur ta Makka ko a wata mararraba ta unguwar Karantina a Jidda, kafin ƙura ta lafa mutane sun taru, kowa ya yanke hukuncinsa: "Ai wanda ya buga shi ne da laifi." Wannan magana tana da gaskiya a miƙaƙƙiyar hanya, inda wani ya daki wani ta baya. A mararraba kuwa, sau da yawa wanda aka buga ne ya jawo hatsarin, domin shi ya faɗo gaban mai hannu. Direbobinmu da dama, musamman masu tuƙa motar gida da masu wanet, wato a-kori-kura, sun ɗauki laifin da ba nasu ba saboda sun yarda da hukuncin 'yan kallo, ko kunya ta hana su musu da dattijo, ko Larabcin ya ƙwace musu a lokacin da hankali ya tashi. Abin da mai bincike yake nema abu biyu ne: hannun waye a lokacin, kuma mece ce shaida. Yawancin wannan shaida cikin mintuna goma na farko ake samunta ko a rasa ta.

Mataki na farko: tsaya, ka duba mutane

Tsayar da mota, ka kunna sigina biyu, ka duba kanka da waɗanda ka ɗauko, sannan ka je wurin ɗaya motar. Fara da sallama da "alhamdu lillahi alas salama", kamar yadda mutanen ƙasar suke yi. Yana kwantar da zuciya, kuma ba amsa laifi ba ne. Idan akwai wanda ya ji rauni, kira 997 domin motar asibiti, ko 911 a yankunan da yake aiki kamar Makka da Riyad. Kada ka ɗaga mai ciwon wuya ko baya sai dai idan mota ta kama wuta.

Kada ka gudu, ko da lasisinka ko iƙamarka, wato katin izinin zama, na da matsala. Dokar Murur, wato 'yan sandan hanya, ta tanadi tara har riyal 10,000, ko ɗaurin da zai kai wata 3, ko duka biyun, ga wanda ya bar wurin hatsari. Wataƙila kyamara ta riga ta ɗauki lambar motar, kuma wanda ya gudu ya bar wa abokin karonsa fili ya ba da labari yadda ya ga dama.

Mataki na biyu: hoto kafin a motsa taya

Nan ne mutane suka fi yin asara. Ana karo, na baya sun dame ka da hon, sai ka ja mota gefe, shi ke nan shaidar da ta fi kowace ƙarfi ta tafi. Minti biyu sun isa ka ɗauki hoton da ake bukata, amma a san abin da ake ɗauka. Yawanci direba yakan matsa kusa ya ɗauki lotsewar ƙofarsa sau goma. Wannan yana nuna ɓarna, ba ya nuna wanda ya jawo ta.

Ja da baya kamar taku goma sha biyar, ka ɗauki motocin biyu tare daga kusurwa huɗu, yadda za a ga farin layin titi a ƙarƙashinsu. Layin nan shi zai faɗi wanda yake kan hannunsa da wanda ya tsallako. Sannan ka juya ka ɗauki hanyar da ka fito da wadda shi ya fito, har a ga fitilar ishara, ko allon "ƙif", wato "tsaya", mai kusurwa takwas, ko alwatikan ba da hannu, ko kibiyar da aka zana a ƙasa. Idan allon ya faɗi, ko bishiya ko babbar mota ta rufe shi, ɗauki wannan ma. Bayan haka ka sunkuya: fasassun gilashin fitila, ɓaraguzan bamba, ruwan lagireto da ya tsiyaya, baƙin sawun taya. Motoci sukan gangara bayan karo, amma tarkace yana zuba ne kusa da inda suka haɗu. Idan gilashi ya zube a cikin layinka alhali abokin karonka yana rantsuwa kai ka shigo nasa, hoton nan zai yi maka magana. A ƙarshe ka ɗauki lambar kowace mota da wurin da ya lotse, da yadda tayoyin gaba suke fuskanta.

Idan babu rauni kuma motocin suna tashi, bayan hoto a matsar da su gefen hanya. Tare titi ana jiran mai bincike yakan jawo karo na biyu.

Shaidu ba sa jira. Mai shagon da ke bakin mararraba, direban da ke bayanka, mai kai saƙon abinci a babur: roƙi lambar wayar mutum ɗaya ko biyu nan take. Idan ka hango kyamara a jikin shago ko masallaci, rubuta sunan wurin da lokacin da abin ya faru. Mai shago ba zai ba ka faifan a hannu ba, domin doka ta hana fitar da shi sai da izinin hukuma, saboda haka jami'in za ka gaya wa. Idan motarka na da kyamarar gaba, cire katin ko ka adana faifan kafin sabon ɗauka ya goge shi. Hattara kuma da ɗora bidiyon mutum a TikTok ko WhatsApp: dokar laifukan intanet ta ƙasar tana hukunta ɓata suna da keta sirri da ɗauri har shekara 1 da tara har riyal 500,000.

Mataki na uku: Najm ko Murur

Idan ba wanda ya ji rauni, ba gobara, kuma aƙalla ɗaya daga cikin motocin na da inshora mai aiki, kamfanin Najm mai binciken hatsarin mota ne ke zuwa. Ana kiran sa a 199033 ko ta manhajarsa, inda za ka sa lambar iƙama, lambar mota, wurin da kake da hotuna. A ƙananan hatsarurruka sukan duba hotunan daga nesa ba tare da mutum ya zo ba, wanda hakan ke ƙara nuna darajar hoto mai kyau. Idan akwai rauni ko rasuwa, ko duk motocin ba su da inshora, maganar ta Murur ce, lambarsu 993. Tanadi iƙama, lasisi, istimara (takardar rajistar mota), da izinin tuƙi idan motar ta kafili ce, wato maigidan da kake ƙarƙashinsa, ko ta kamfani.

Mataki na huɗu: hannun waye?

Akwai jeri da ake bi, kuma na sama yana rushe na ƙasa. Hannun jami'in da ke tsaye yana ba da hanya ya fi fitila. Fitila ta fi allo. Allo ya fi ƙa'idar gama-gari. Don haka tambayar farko ita ce: me ke tsare da wannan mararraba?

Idan fitila ce, wanda ya ƙetare layi bayan ta yi ja shi ke ɗaukar laifin, yawanci gaba ɗaya, ko da shi aka buga a tsakiyar ƙofa. Tarar karya danja daga riyal 3,000 zuwa 6,000 take. Matsalar ita ce kowa zai ce tasa kore ce. A nan sanin yadda fitilun ƙasar ke aiki yana taimako. A yawancin manyan mararrabun Jidda da Makka da Riyad, ɓangare ɗaya ake buɗewa a lokaci guda, sauran ukun suna tsaye. Ke nan idan motocin da ke gefenka su ma sun tashi tare da kai, ko motocin da ke gefen abokin karonka suna tsaye cak shi kaɗai ya fito, an samu amsa. Faɗa wa mai bincike wannan, ka kuma nuna masa kyamarar Sahir, mai kama masu karya dokar hanya, idan akwai. Idan ba shaida ko ɗaya, kowa ya kafe a kan maganarsa, sau da yawa rabawa ake yi biyu, kuma mai gaskiya ne ya cutu.

Ruwan ɗorawa tana da nata rikicin. Wanda ya riga ya ƙetare layi kafin ja ta kama bai karya danja ba, kuma wanda aka buɗe wa kore ba a ba shi izinin afka wa motar da ba ta gama ficewa ba. Wanda ya fizgi mota da kamawar kore ya daki bayan wadda ke ƙarasa tsallakawa yana iya samun kasonsa.

Kwanar dama a kan jar fitila ta halatta idan ba allon da ya hana, amma da sharaɗi: daga layin ƙarshe na dama, a tsaya cik kafin layi, a sa sigina, a bar masu tafiya a ƙasa da motocin da ke da kore su wuce. Wanda ya sulale bai tsaya ba aka buge shi, laifin nasa ne.

Sai wata ɗabi'a da ta yi yawa a nan: mutum yana layin dama ko na tsakiya, fitila na buɗewa sai ya yanko hagu ko ya nemi juyawa baya ta gaban motoci uku. Mai bincike zai duba kibiyar ƙasa. Idan layin na miƙewa ne kawai, wanda ya karya kwana daga cikinsa ya bar hannunsa, kuma lotsewar gefen hagunsa shaida ce a kansa. Haka nan wanda ya miƙe daga layin da aka ware wa masu kwanar hagu.

Idan allo ne, "ƙif" na nufin taya ta daina juyawa gaba ɗaya, rage gudu bai wadatar ba. Alwatika mai kai ƙasa na nufin ka bar na babbar hanya ya wuce. Saɓa wa ɗaya daga cikinsu tarar riyal 500 zuwa 900 ce, kuma a hatsari shi ke jawo kaso mafi girma. Wanda ke fitowa daga hanyar gefe, wato ɗariƙul khidma, ko daga gidan mai, ko daga wurin ajiye motoci, shi ne mai jira ko da ba allo.

A shataletale, wanda nan ake kira dawwar, hannu na wanda ke ciki ne. Wanda ya zo daga inda aka saba mai shiga ya kutsa da ƙarfin hali ya kula da wannan. Karo na biyu da ya fi yawa a dawwar shi ne wajen fita: mota tana layin ciki, ta ga mafitarta ta zo, ta yanko ta gaban wadda ke layin waje. Mai sauya layi ne ke da nauyin tabbatar da hanya a buɗe take, saboda haka shi yakan ɗauki mafi yawa. Na wajen yana iya samun kaso idan shi ma bai daɗe da kutsowa ba, ko yana gudun da ya wuce kima.

Cikin unguwa, a lungunan Hindawiyya ko Rusaifa inda ba fitila ba allo, a fara duba ko ɗaya hanyar ta fi ɗaya girma. Idan haka ne, mai babbar hanya ke da hannu. Idan daidai suke kuma kun iso tare, wanda ya fito ta damanka shi zai fara wucewa. A irin waɗannan wurare ne aka fi ganin an raba laifi 75 da 25, domin motocin da aka ajiye a bakin kwana suna rufe ido, kuma ana sa ran kowa ya rage gudu.

Dukan baya a bakin fitila ba ya bukatar dogon bayani: na baya bai bar tazara ba. Abin lura kawai shi ne idan motoci uku ne. Na tsakiya ya faɗi ko ya riga ya tsaya aka tura shi kan na gaba, ko shi ya fara bugawa. A tambayi direban gaba sau nawa ya ji duka. Ɗaya ko biyu yana bambanta labarin.

Mataki na biyar: karanta jikin mota da titi

Ƙarfe ba ya canza magana. Idan hancin wata mota ya shiga ƙofar bayanka ko madigadin baya, alama ce ka riga ka ci rabin mararrabar kafin ya iso. Wannan yana taimakonka a lungu mara allo, amma ba ya wanke ka idan ja ka karya. Idan kusurwar gaba ce da kusurwar gaba, kun iso kusan tare, sai a koma ga ƙa'idar hannu. Doguwar ƙujewa a gefe daga gaba zuwa baya tana nuna sauya layi. Fentin da ya shafu a jikin ɗaya motar da tsayin wurin lotsewar suna tona tsohuwar ɓarna da wani zai so ya liƙa maka.

Gudu kuwa ana gane shi daga nisan da mota ta yi bayan karo, da zurfin lotsewa, da sawun birki. Motar da ke kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya kafin ƙafar direba ta kai birki, sannan kamar mita 20 kafin ta tsaya a busasshen titi. A kilomita 80, birkin kaɗai yana cin kusan mita 36. Sawu mai tsawon haka a cikin unguwa ya isa ya sa mai hannu ma ya ɗauki kaso. Motocin zamani masu birkin ABS ba sa barin baƙin sawu sosai, don haka rashinsa ba hujja ba ce cewa ba a taka birki ba.

Mataki na shida: bayani da sa hannu

Yi magana gajera, bi da bi: daga ina ka fito, wane layi, me fitila ta nuna, ina ka nufa, ina aka buge ka. Kada ka ce "ban gan shi ba" idan abin da kake nufi shi ne ya faɗo maka ba zato. Kalmar farko tana nuna rashin kula. Idan Larabcinka bai kai ba, ka ce a jira, ka kira ɗan'uwa ya fassara ta waya. Kada ka sa hannu a kan abin da ba a karanta maka ba, ka kuma dubi zanen hatsarin, wato kuruki, ka tabbata an sa motarka a layin da take.

Za a iya ce maka, "Ya akhi, kai kana da inshora, ni ba ni da ita, ka ɗauka kawai, ba abin da zai same ka." Tausayi ne ke sa mutum ya yarda, amma ƙarya ce a takardar hukuma. Ƙa'idar inshorar dole ta ɗauki amsa laifin da ba naka ba a matsayin cutar da kamfani, kuma abin zai shiga tarihinka, ya cinye rangwamen rashin hatsari, ya ƙara maka kuɗin shekara mai zuwa. Idan dattijo ne, girmama shi da baki: "Baba, ka yi haƙuri, bari mu jira su zo su duba." Idan kana son yafe masa haƙƙinka bayan an rubuta gaskiya, wannan ƙofa a buɗe take. Sulhun baki ba takarda ma yana da haɗari, domin gobe yana iya kai rahoto ya ce an buge shi an gudu.

Mataki na bakwai: nisba da abin da take nufi a aljihu

Kason laifi, wanda ake kira nisba, yana fita ne 0, 25, 50, 75 ko 100 cikin ɗari. Kowa yana biyan ɓarnar ɗan'uwansa gwargwadon kasonsa. Misali: an ba ka 25, shi 75. Gyaran motarka riyal 8,000, tasa 4,000. Inshorarsa za ta ba ka 6,000, taka ta ba shi 1,000. Sauran 2,000 naka daga aljihunka zai fito idan inshorarka ta "diddal gair" ce, mai biyan wanda ka yi wa ɓarna kawai. Mai "shamil", wato cikakkiyar inshora, kamfaninsa ne zai gyara masa, bayan cire kuɗin da aka yi yarjejeniya zai ɗauka da kansa.

Akwai laifukan da kamfani zai biya wanda aka cuta sannan ya dawo ya nemi kuɗinsa wurinka: karya danja, bin hanya a akasi, tuƙi ba lasisin da ya dace da motar, ko da lasisin da ya ƙare ba a sabunta shi cikin wa'adin kwana 50 ba. Direban gida ya sanar da maigidansa ko uwar ɗakinsa nan take, domin inshorar da sunan mai motar take.

Mataki na takwas: idan ba ka yarda da nisbar ba

Saƙo zai shigo wayarka da lambar hatsarin da kason kowa. Kana da damar ƙorafi ta Najm ko ta Absher, manhajar ayyukan gwamnati, amma kada ka bari ya wuce kwana 10. Ƙorafin da ke cewa "an zalunce ni" kawai ba ya motsa komai. Rubuta abu guda da aka yi kuskure a kansa, ka haɗa da hujjarsa: hoton kibiyar ƙasa, faifan kyamara, lambar shaida, sunan shagon da ke da kyamara. Kada ka gyara motar kafin a gama, domin jikinta shaida ne. Idan bayan dubawar Murur har yanzu ba ka gamsu ba, sai kotu. Idan kuma rigimar da kamfanin inshora ce a kan biya, ana kai kuka ga Hukumar Inshora, wadda ta karɓi wannan aiki daga babban bankin ƙasar a 2023, daga nan zuwa kwamitocin raba gardamar inshora.

Da rahoto ya tabbata, sai a kai mota cibiyar Taƙdir a ƙiyasta kuɗin aiki da na kayan gyara, a kan sadaha, wato motar ɗaukar mota, idan ba ta tashi, a ajiye rasidin ɗaukar. Tsaya kusa lokacin dubawa, ka nuna abin da ke ɓoye: lagireto, ƙafar taya, fitilar da ƙugiyarta ta karye daga ciki. Abin da bai shiga takarda ba da wuya a biya shi daga baya. Sannan ka miƙa wa kamfanin mai laifi rahoton, ƙiyasin, istimara da lambar asusun bankin mai motar. Kafin ka shiga sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, ka ciro izinin gyara ta Absher, domin warsha, wato gareji, mai bin doka ba za ta taɓa motar da ta yi hatsari ba sai da shi.

Inda aka samu rauni ko rai ya salwanta, wannan nisbar ce dai take bin mutum har gaban alƙali. Diyyar kisan kuskure ta namiji Musulmi riyal 300,000 ce, ana raba ta gwargwadon kason kowa, ban da kaffarar azumin wata biyu a jere wadda ya kamata a tambayi malami a kanta. Wanda ya yi sanadin mutuwa ta hanyar ganganci ko mummunan sakaci yana iya fuskantar ɗauri har shekara 4 da tara har riyal 200,000. Ciwon wuya da na ciki sukan ɓoye sai washegari, don haka wanda ya ji wani abu ko kaɗan ya faɗa a wurin, a kira Murur maimakon Najm, ya je asibiti a ranar, ya karɓi rahoton likita mai ɗauke da kwanan watan hatsarin.